Yadda Ake Ciro Ƙwaƙwalwa da Adana Ta Don Gwajin Enzayim a Zafin Sakkwato

Duk lokacin da zangon furojet ya kama, tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga ɗaliban bayokemistiri, da na haɗa magunguna, da na likitancin dabbobi: "Malam, mun yanka ɓerayenmu, mun sa ƙwaƙwalwa a firiza, har yaushe za ta kai ba ta lalace ba?" Wasu kuwa ba sa zuwa sai sakamako ya fito a hargitse, ɓeran da ba a ba komai ba ya fi wanda aka ɗura wa guba nuna alamar guba. Sai a ɗora laifin kan sinadaran gwaji, a ce jabu ne. Galibi ɓarnar ta riga ta auku tun tsakanin mutuwar dabba da shigar ƙwaƙwalwarta cikin sanyi, ko kuma a cikin firizar da wuta ke zuwa mata tana ɗaukewa.

Ga abin da ke faruwa a taƙaice. Da zuciya ta tsaya, oksijin ya yanke, ATP, makamashin ƙwayoyin halitta, ya ƙare cikin 'yan mintuna, asid ɗin laktik ya taru, pH, wato ma'aunin tsami, ya sauka, nama ya ƙara tsami. Kalsiyam ya kwarara cikin ƙwayoyin halitta ya tayar da kalfen, jakunkunan lisosom su yoye su saki katefsin, su kuwa waɗannan biyun aikinsu yanka furotin. Enzayim ɗin da kake son aunawa, wato sinadarin da ke hanzarta ayyukan jiki, shi ma furotin ne. Saurin wannan cin kai yana kusan ninkawa biyu a duk ƙarin digiri 10 na zafi. Saboda haka in takardar da kake bi daga Ingila ko Jamus ta ce an bar nama awa ɗaya a zafin ɗaki, digiri 20 zuwa 22 take nufi. Ɗakin gwaji mara na'urar sanyaya ɗaki a Sakkwato, a watan Afrilu da rana tsaka, yana iya kusantar 40. Awa ɗayansu ta zama kusan awa huɗu a wurinka.

1. Fara sanin abin da za ka auna

Kada ka sayi ko ƙanƙara ɗaya sai ka rubuta jerin gwaje-gwajenka, domin juriyarsu ba ɗaya ba ce.

Asetilkolinesteres, wato AChE, enzayim mai rushe sinadarin isar da saƙo tsakanin jijiyoyi, mai haƙuri ne. Yana daɗewa bayan mutuwa in akwai sanyi, yana kuma jure daskarewa. Haka ma monoamin oksides. SOD da katalas, masu kare ƙwayoyin halitta daga ɓarnar oksijin, suna tsaka-tsaki, sun fi jin jiki in ana narkarwa ana sake daskarwa. GSH, sinadari mai kare ƙwayoyin halitta, da MDA, wanda ke fitowa in kitse ya lalace, ba enzayim ba ne, amma kusan kowa yana haɗa su a furojet, kuma su ne suka fi saurin yaudara: GSH yana raguwa da ya haɗu da iska da zafi, MDA kuwa ƙaruwa yake yi, domin kitsen ƙwaƙwalwa yana ci gaba da lalacewa a ajiye. Wato ajiya mara kyau kaɗai tana iya ƙera maka sakamakon da ya yi kama da na guba. Shi kuwa numfashin mitokondiriya, wato injinan makamashin ƙwayoyin halitta, ɗanyen nama yake buƙata a ranar, daskarewa tana fasa fatar mitokondiriyan.

Gargaɗi: wanda ya fi rauni a jerinka shi zai tsara maka jadawali. In akwai GSH a ciki, ka yi shirin gama shi ranar yanka.

2. Izini, da inda ƙwaƙwalwar za ta fito

Ɓerayen gwaji su ne suka fi sauƙin sarrafawa, domin kai ke riƙe da agogo. Ka samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na tsangayarka tukuna, takardar tana hannu kafin a taɓa dabba.

In akuya ce ko tunkiya ko saniya daga mayanka, ka je ka gaisa da likitan dabbobi mai duba nama da kuma mahaucin kwana ɗaya kafin ranar. Ka bayyana masa sarai cewa kana son kan nan take bayan yanka, kafin a kai shi babbaka. Kan da ya shiga wuta ya tashi daga aiki, ko da ƙwaƙwalwar ta yi kyau a ido. Kan da aka baza a tebur tun asuba, ba wanda zai iya gaya maka minti nawa ya yi, shi ma ka bar shi ga masu farfesu. Ka rubuta jinsin dabbar, jar akuyar Sakkwato ce, Uda ce, Balami ne ko Bokolo, mace ko namiji, da ƙiyasin shekaru daga haƙora.

Gargaɗi mai nauyi: kare, kyanwa, ko duk wata dabba da ta mutu da alamun hauka, zubar da yawu ko shanyewar jiki, kada ka fasa kanta. Cutar haukan kare a ƙwaƙwalwa take zaune, kuma in alamunta suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Wannan aikin likitan dabbobi ne, shi zai aika da samfur inda ake tantancewa, kamar cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta ɗalibi ba ce. Sai da likitan binciken gawa, da yardar iyali, da amincewar kwamitin asibiti, kuma a garin da ake gaggauta jana'iza kamar namu abu ne da ba kasafai yake samuwa ba. Wanda ya samu kansa cikin irin wannan bincike ya san abu biyu. Firjin ɗakin ajiye gawa yana kusan digiri 4, amma tsakiyar ƙwaƙwalwa tana ɗaukar awanni masu yawa kafin ta kai nan, saboda ƙoƙon kai yana riƙe zafi. In kuwa iskar waje ta haura digiri 37, gawar da ke gida ko cikin mota ba ta hucewa ko kaɗan. Na biyu, yadda mutum ya rasu yana da tasiri: doguwar jinya, suma da ƙarancin oksijin suna saukar da pH na ƙwaƙwalwa tun kafin rasuwa, kuma enzayim irin su gulutamet dikaboksiles suna raguwa saboda haka. Shi ya sa ake auna pH na naman a rubuta.

3. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Kana buƙatar kula babba guda biyu, ƙanƙara mai yawa, ruwan gishiri na kashi 0.9 cikin 100, almakashi babba da ƙarami, hantsaki, reza, ƙaramin cokalin ɗaga nama, faranti na gilas ko na ƙarfe, takardar tacewa, takardar alminiyam, sikeli mai auna miligiram, 'yan robobin Eppendorf ko masu murfin murɗawa, alƙalamin maka wanda ruwa ba ya goge rubutunsa, safar hannu, takunkumi, agogon ƙidaya, da ma'aunin zafi mai iya karanta ƙasa da sifili. In kan akuya ne, ƙara zarto ko ka roƙi mahauci ya tsaga da gatari a gabanka.

Ƙanƙara ita ce mafi arha a jerin, kuma ita ce ɗalibai suka fi yi wa rowa. Sayi ninki biyu na abin da kake zato, ka ajiye kula ɗaya a rufe ba a taɓa ta sai ta farko ta zama ruwa. A bazara da lokacin azumi ƙanƙara tana tsada tana kuma ƙarewa da wuri, don haka ka kama mai sayarwa tun jiya. Ka farfasa ta ƙanana, dunƙulen bulo ba ya rungumar roba.

Kuɗi na gaske yana tafiya ne wurare uku: sinadarai irin su asetiltayokolin da DTNB na gwajin AChE, kuɗin amfani da na'urori a ɗakin gwaji, da man janareta. In ku uku ko huɗu kuke ƙarƙashin malami ɗaya, ku haɗa kuɗi ku sayi sinadari tare, domin abin da gwaji ɗaya ke ci kaɗan ne ƙwarai. Busasshiyar ƙanƙara mai sanyin digiri -78.5 da ruwan naitirojin mai -196 sun fi komai kyau wajen daskarwa, amma suna ƙarewa da sauri a zafi. Kada ka gina shirinka a kansu sai ka ga wanda zai kawo su da idonka, da ranar da za su iso.

Sannan, kafin ranar yanka, ka je da ƙafarka ka ga firizar da za ka yi ajiya. Wa ke riƙe da makulli? Tana kan sola ko janareta? Ana kashe janaretan da dare da ranakun ƙarshen mako? Ka tambayi ma'aikacin ɗakin gwaji cikin ladabi, shi ya fi kowa sanin gaskiyar firizar.

4. Zaɓen lokaci da jeren dabbobi

Ka fara bayan sallar asuba, ka gama kafin hantsi ya yi zafi. In zaɓi a hannunka yake, sanyin hunturu na Disamba da Janairu ya fi maka Afrilu da Mayu nesa ba kusa ba.

Ga kuskuren da na fi gani, kuma shi ya fi ɓoyuwa: a yanka duk ɓerayen rukunin da ba a ba magani ba da ƙarfe 7, sannan rukuni na biyu, sannan na uku, rukuni na ƙarshe sai ƙarfe 12. Na ƙarshen sun sha zafi da yunwa da tsoro, ƙanƙara ta narke, hannun mai aiki ya gaji. Duk bambancin da ka gani daga baya, ba za ka iya rantsuwa cewa magani ne ya kawo shi ba. Ka gauraya: ɗaya daga rukuni na farko, ɗaya daga na biyu, ɗaya daga na uku, sannan a sake zagayowa. Dabbobin da ke jira su zauna a wani ɗaki mai inuwa, da ruwan sha.

Gargaɗi: kada a fesa fiya-fiya ko Sniper a ɗakin ɓeraye ko ɗakin aiki don korar sauro da kyankyasai. Sinadarin da ke cikinsu, dikulobos, aikinsa ke nan danne AChE. Ka gaya wa mai shara da mai gadi ma.

5. Ciro ƙwaƙwalwa

Komai ya kwana a firji: ruwan gishiri, bafa (ruwan sinadari mai riƙe pH kada ya sauya), faranti, robobi. Ka rubuta lamba a jikin kowace roba tun daren jiya, a jiki da kan murfi. Ku kasance mutum uku, mai cirowa, mai aunawa a sikeli, da mai riƙe agogo da littafi.

A kashe dabbar ta hanyar da kwamiti ya amince, a hannun wanda ya ƙware. In za a yi amfani da maganin sa barci, iri ɗaya da awo ɗaya ga kowane rukuni. Da ta mutu, mai agogo ya danna.

In ɓera ne, tsaga fatar kai daga ƙeya zuwa hanci. Sa bakin ƙaramin almakashi ta ramin da lakar baya ke shiga kai, ka yanka ƙashin ta gefen dama da hagu, bakin almakashin yana kallon sama don kada ya huda nama. Ɗaga ƙashin da hantsaki. Cire siririyar fatar da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa, in ka bar ta za ta yanke naman lokacin ɗagawa. Zura cokali ta ƙasa daga gaba, yanke jijiyoyin ido da sauran da ke riƙe da ita, ka bar ta ta faɗa cikin ruwan gishiri mai sanyin ƙanƙara. Mai agogo ya rubuta. Hannun da ya saba yana gama wannan cikin minti biyu zuwa uku. In kai sabo ne, ka koya a kan ɓerayen da wani ya gama aikinsa da su, kada ka koya a kan naka.

Ka girgiza ta cikin ruwan gishirin har jinin waje ya fita, ka tsane ta a kan takardar tacewa. Wannan wankin ba ado ba ne. Jajayen ƙwayoyin jini cike suke da katalas, suna kuma ɗauke da AChE nasu, ita kuwa ƙwaƙwalwa katalas ɗinta kaɗan ne. Ɗan jinin da ya rage yana iya rinjayar lambar da za ka karanta.

Gargaɗi: kada nama ya taɓa ƙanƙara kai tsaye. Ruwanta yana kumbura naman, ga datti. Faranti a kan ƙanƙara, nama a kan faranti.

In daga mayanka kake, ka ciro ƙwaƙwalwar a can, ka sa a leda mai zif, ka binne ledar cikin farfasasshiyar ƙanƙara. Kada ka ɗauko kan dukansa kana cewa sai ka isa, ƙashi da fata za su riƙe zafin jiki duk tsawon hanya daga cikin gari zuwa jami'a a Dundaye. Kular ta zauna a inuwa cikin mota ko Keke Napep, ba a bayan babur cikin rana ba.

6. Rabawa da aunawa

Ƙwaƙwalwar babban ɓera tana kusan giram 2, ta ɓeran gida ƙarami kuwa ba ta kai rabin giram ba. Ka auna da sauri a kan takardar alminiyam mai sanyi.

Kada ka yanko "wani ɗan yanki" daga inda reza ta faɗa. Enzayim ba a rabe yake daidai a ko'ina ba. AChE a sitirayatum ya ninka na ɓawon sama da na ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya sau da yawa. Ko dai ka tsaga ta gida biyu daidai ta tsakiya, dama da hagu, ko ka ware sassan da sunansu: ɓawon sama, hifokamfus, sitirayatum, serebelam (ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya). In za ka yi nazarin nama a madubin likita, ɓari ɗaya ya shiga fomalin na kashi 10 cikin 100, ɗayan ya tafi gwajin enzayim, kuma ɓarin da ka zaɓa ya zama iri ɗaya ga kowace dabba.

Gargaɗi: abin da ya taɓa fomalin ya mutu a wurin gwajin enzayim. Hantsakin fomalin daban, teburinsa daban.

7. Yau za ka auna, ko ajiyewa za ka yi?

In na'ura da sinadarai suna nan a shirye, ka auna a ranar, naman yana kan ƙanƙara har lokacin. Babu ajiyar da ta kai wannan. Firji mai digiri 4 wurin jira ne na awanni, yana rage gudun lalacewa amma ba ya tsayar da ita. Firizar gida mai -18 zuwa -20 tana riƙe masu haƙuri irin AChE na 'yan makonni in wuta ba ta yankewa, amma ban yarda da ita ba ga GSH da MDA. Ajiyar watanni sai firiza mai -80.

In dole ne ka ajiye, ka ajiye naman a dunƙule, kada ka niƙa tukuna. Niƙa tana fasa ƙwayoyin halitta ta haɗa masu yanka furotin da abin yankansu wuri guda, ta kuma buɗe kitse ga iska.

8. Daskarwa da tsaron firiza

Saurin daskarewa yana da muhimmanci. In ruwa ya daskare a hankali, manyan tsinin ƙanƙara suke fitowa su huda ƙwayoyin halitta, gishirin da ya rage a sauran ruwan ya yi kauri ya dami furotin. In kana da ruwan naitirojin ko busasshiyar ƙanƙara, ka naɗe ƙananan yanka a alminiyam ko ka sa a roba ka jefa. In babu, ka sa farantin ƙarfe a firiza tun jiya, ka shimfiɗa ƙananan yanka a kansa a cikin naɗinsu, kada ka tara su cikin leda ɗaya.

Ka raba kowace ƙwaƙwalwa gwargwadon yawan gwajin da za ka yi, kowane gwaji da robarsa. Robar da aka narkar ba ta komawa firiza.

Firizar kwance mai murfin sama ta fi ta tsaye riƙe sanyi in an ɗauke wuta. Ka guji irin firizar da ke narkar da ƙanƙararta da kanta, domin tana ɗumama lokaci-lokaci. Samfurinka ya zauna a can ƙasa, cikin akwati, kewaye da robobin ruwa daskararru. Kada ya zauna kusa da murfi, kada kuma ya haɗa firiza da ruwan leda da zoɓon ma'aikata, wadda ake buɗewa sau ashirin a yini.

Ga dabarar gane ko firiza ta narke ba ka nan. Daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, ka ɗora ƙusa ko tsakuwa a kan ƙanƙarar, tunda kwabo ya yi wuyar gani yanzu, ka ajiye kusa da samfurinka. In ka dawo ranar Litinin ka tarar da ƙusar a gindin kofi cikin ƙanƙara, an narke an sake daskarewa. Ka rubuta ranar a littafi, ka gaya wa malaminka. Ɓoyewa ba za ta dawo da enzayim ɗin ba.

Ga likitocin dabbobi masu zargin dabba ta ci maganin ƙwari: ku daskarar da rabin ƙwaƙwalwa nan take. In gubar dangin kabamet ce, AChE ɗin da ta danne yana farfaɗowa da kansa bayan mutuwa, kuma zafi yana hanzarta hakan. Gawar da ta yini a rana tana iya ba da sakamako kamar lafiya lau.

9. Niƙa

Abin da aka saba shi ne kashi 10 cikin 100: giram 1 na nama cikin mililita 9 na bafa mai sanyi. Robar niƙa tana cikin kofin ƙanƙara duk tsawon aikin. In injin niƙa ne, ka yi daƙiƙa 10 zuwa 15, ka huta, ka sake, domin injin kansa yana kawo zafi. In turmi da taɓaryar ɗakin gwaji ne, su kwana a firiza. Kada ka bari ya yi kumfa, kumfa tana warware furotin. Yawan niƙa ya zama ɗaya ga kowane samfur.

Zaɓen bafa shi ne inda ake yawan faɗawa rami, don haka ka duba waɗannan da kyau. In za ka auna Na/K-ATPase, kada ka niƙa a bafar fosfet, domin gwajin fosfet ɗin da aka saki yake ƙirgawa, ka yi amfani da Tris. In MDA ne, ka guji sukuros, ka ƙara BHT don tsayar da lalacewar kitse. In GSH ne, ka zuba asid irin TCA nan take bayan niƙa. In katalas ne, kada sodiyam azayid ya kusanci robar. In AChE ne, ka bar PMSF, wanda ake sawa don kare furotin, domin yana iya danne shi, kuma DTT da makaptoyetanol suna rina DTNB rawaya ko babu enzayim. Wannan yana nufin bafa ɗaya ba lalle ta ishe ka ba, kuma shi ne dalilin rabawar da aka yi a mataki na 8.

Yawancin AChE na ƙwaƙwalwa a manne yake da fatar ƙwayoyin halitta. In ka juya da ƙarfi a sentirifuj, injin da ke raba dusa da ruwa, ba ka sa Triton X-100 ba, sinadari mai kamar sabulu da ke sako shi, kaso mai yawa zai bi dusar da ta kwanta, ka auna ruwan sama ka ce maganinka ya rage shi. In ka sa Triton kuma, ka tuna yana damun gwajin furotin na Lowry da na Bradford, sai ka sa shi a cikin ruwan kwatance daidai da yadda yake a samfur.

Hanyoyi da yawa suna cewa 10,000 g (g ma'aunin ƙarfin juyi ne a nan, ba giram ba) a digiri 4 na minti 15 ko 20. Ƙaramin sentirifuj na kan tebur ba ya kaiwa nan: mai faɗin santimita 10 daga tsakiya, in yana juyi 4,000 a minti, kusan 1,800 g yake bayarwa. Ka rubuta abin da injinka ya yi da gaske. In ba ya sanyaya kansa, ka sanyaya kofunansa a firiza, ka juya minti biyar-biyar kana mayar da robobi kan ƙanƙara a tsakani.

In ruwan saman zai shiga firiza, ka raba shi ƙanana. Bafar sodiyam fosfet tana yin tsami sosai lokacin daskarewa, pH ɗinta yana iya faɗuwa zuwa kusan 4, ta fotasiyam fosfet ba ta kai haka ba.

10. Narkarwa da aunawa

Narkar da samfur a kan ƙanƙara. Ba a tafin hannu ba, ba a bakin taga ba, ba cikin ruwan ɗumi ba. Ka fito da waɗanda za ka iya gamawa cikin awa ɗaya kawai, kuma a gauraye tsakanin rukunai kamar yadda ka yi ranar yanka.

A nan zafi yana shigowa ta wata ƙofar. Shi kansa gudun enzayim a cikin kwalbar gwaji yana bin zafin ruwan. In ninkin nan na digiri 10 ya tabbata ga enzayim ɗinka, digiri ɗaya yana kawo bambancin kusan kashi 7 cikin 100. Samfurin da aka auna da ƙarfe 8 na safe da wanda aka auna da ƙarfe 2 na rana a ɗaki mara sanyi ba gwaji ɗaya aka yi musu ba. Ka ajiye bafar gwaji cikin bahon ruwa mai tsayayyen zafi, 25 ko 37 gwargwadon hanyar da kake bi, ka kuma rubuta zafin ɗaki a farko da ƙarshe. Samfur yana kan ƙanƙara, amma bafar gwaji ba ta zama mai sanyi.

Hanyar Ellman ta 1961 tana karanta AChE da haske mai tsawon zango nanomita 412, cikin bafar fosfet mai pH 8.0. Asetiltayokolin yana rushewa da kansa a wannan pH, kuma zafi yana ƙara masa sauri, don haka ka haɗa sabo a ranar, ka riƙe shi kan ƙanƙara, ka yi kwalbar da babu samfur a kowane zagaye ka debe abin da ta bayar. DTNB ba ya son haske, ka naɗe kwalbarsa. Katalas a nanomita 240 yana buƙatar kwalbar kwaz, ta roba ba ta barin wannan hasken ya wuce, kuma haidirojin feroksayid da ya daɗe a ajiye cikin zafi ƙarfinsa ya ragu. Adirenalin na gwajin SOD na Misra da Fridovich in ya fara yin ruwan hoda tun cikin kwalba, zubar da shi. Ka auna furotin daga robar da ka auna enzayim, a rana ɗaya.

11. In tasirin zafi da ajiya shi ne furojet ɗin kansa

Wannan aiki ne mai kyau kuma mai arha, kan akuya kaɗan ya ishe shi. Sirrinsa shi ne kowace ƙwaƙwalwa ta zama ma'aunin kanta. Daga sashe ɗaya na ƙwaƙwalwa ɗaya, ka yanka gutsattsari masu nauyi ɗaya. Ɗaya a auna nan take, shi ne kashi 100. Sauran a rufe cikin robobi don kada su bushe, musamman a iskar hunturu, a raba su: kan ƙanƙara, firji, zafin ɗaki, da inkubeta mai digiri 37 ko 40. A ciro a awa 1, 3, 6, 12, 24 da 48. Wani rukunin ya shiga firiza don gwada narkarwa sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Ka ajiye ma'aunin zafi a kowane wuri kana karantawa, kada "zafin ɗaki" ya tsaya a baki babu lamba.

Kada ka yi mamaki in wani enzayim ya nuna ƙaruwa a awannin farko. Lalacewar fatar ƙwayoyin halitta tana iya sako wanda ke manne, ko kuma jimillar furotin ta ragu fiye da shi, sai rabon ya hau. Ka kawo lissafi biyu, a kan giram na nama da a kan miligiram na furotin. Bayan yini ɗaya a digiri 37 ƙwayoyin cuta sun shiga aikin, wari zai gaya maka, ka rubuta shi ma. Gutsattsari shida daga akuya ɗaya akuya ɗaya ce a lissafi, ka maimaita da dabbobi daban-daban.

12. Abin da zai shiga littafi

Ga kowace dabba: lambarta, rukuninta, lokacin mutuwa, lokacin da ƙwaƙwalwa ta shiga sanyi, zafin ɗaki, sashen da aka ɗauka da nauyinsa, lokacin daskarwa, wace firiza da zafinta, ranakun da wuta ta yanke ko ƙusa ta nutse, sau nawa aka narkar, da ranar aunawa. Ka rubuta da biro a littafi mai ɗinki, ka ɗauki hoton shafin da waya kowace yamma. A babin hanyoyin bincike ka sa matsakaicin mintunan da ke tsakanin mutuwa da sanyi ga kowane rukuni. In na wani rukuni ya fi na sauran tsawo sosai, ko samfuransa sun fi daɗewa a firiza, ka faɗa a rubuce kafin mai jarrabawa na waje ya tambaya.

Sauran nama, kawuna da safar hannu a ƙone su ko a binne da zurfi yadda dokar ɗakin gwajinku ta tanada, a wanke tebur da kayan ƙarfe da bilic, sannan a ɗauraye ƙarfen da ruwa sosai don kada ya yi tsatsa.